Yaron da ya so zuba wa kwamfuta ruwa, da mu da muka yi masa dariya



Bari in fara da laifina kafin in taɓo na kowa, tunda Bahaushe ya ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Wata Asabar cikin watan Afrilu, bayan an watse daga taron iyayen yara, muna zaune a inuwa a harabar lise ɗin da nake koyar da fizik da shimi a nan Maraɗi, sai wani Alhaji ɗan kasuwa, uban ɗaya daga cikin ɗalibaina, ya zaro wata takarda daga aljihu ya miƙo mini. Ya ce, "Mushe, don Allah duba mini wannan. Yaron nan naka ina jin ya fara taɓuwa. Wai kwamfuta zai haɗa da hannunsa, ya zuba mata ruwa a ciki, kuma duk kayanta sai sun zama ruwan goro da fari da tsanwa kamar tutar ƙasa." Wurin ya kece da dariya. Wani abokin aikina ya ce ai ruwa da wuta ba su haɗa hanya, gobara yaron yake nema. Wani ya ce a saya masa randa ya huta. Ni ma na yi dariyar, na cusa takardar a aljihu, na ce wa Alhaji zan yi masa faɗa ran Litinin.

Da dare an ɗauke wuta, barci ya ƙi zuwa saboda zafi, sai na haska fitilar waya na buɗe takardar. Shafi huɗu ne. Yaron da bai taɓa wuce 9 bisa 20 ba a jarrabawata ya zana akwatin kwamfuta, ya nuna da kibiya inda ruwa zai fito da inda zai koma, ya rubuta yawan zafin da kowane sashe ke fitarwa, ya tara su, ya zaɓi girman radiyata bisa wannan jimlar. Akwai kurakurai a ciki, zan zo kansu. Amma a duk shekarar nan ban karɓi aikin da ya kai wannan daga kowa a ajin ba, kuma babu wanda ya sa shi, babu makin da yake jira. Kunya ta kama ni. Wannan kunyar ce ta sa nake rubutun nan, domin na tabbata dariyar da muka yi ita ce ake yi a gidaje da makarantu da yawa daga Tawa har Damagaram, kuma ina ganin tana kashe mana yara.

Da farko, ga wanda ya ce ruwa da wuta ba su haɗa hanya: je ka garaji ka buɗe gaban kowace mota. Injin mota wuta yake ci, kuma ruwa ne ke hana shi narkewa. Famfo yana tura ruwa ya zaga jikin injin, ya kwaso zafi, ya kai shi radiyata, fanka ta hura zafin waje, ruwan ya dawo. Abin da yaron ya zana ke nan, sai dai ƙarami. A cikin kwamfuta akwai sassa biyu masu tsananin zafi: furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi, da katin hoto. Ana ɗaure wa kowannensu wani dunƙulen jan ƙarfe mai siraran hanyoyi a ciki, ruwa ya bi ta hanyoyin ba tare da ya taɓa wayar wuta ba, ya fita ta tiyo zuwa radiyata, ya sauka cikin ɗan tanki, famfo ya sake tura shi. Zagayen a rufe yake. Kuma dabarar ta girmi yaron da ubansa a sana'a: tun shekarun 1960 kamfanin IBM yake sanyaya manyan na'urorinsa da ruwa, a 1985 aka fito da Cray-2 wadda aka tsoma kayan cikinta baki ɗaya cikin wani ruwa na musamman da ba ya ɗaukar lantarki, a 2004 kuma Apple ya sayar da Power Mac G5 mai sanyayar ruwa ga jama'a.

Me ya sa ruwa? Amsar tana cikin darasin da nake koyarwa kowace shekara da alli. Kafin a ƙara wa kilo ɗaya na ruwa zafin digiri ɗaya sai an ba shi kimanin jul 4,180. Kilo ɗaya na iska jul 1,000 da ƴan kai ya ishe shi. Ga shi kuma ruwa ya fi iska nauyi fiye da sau 800, don haka lita ɗaya ta ruwa tana ɗaukar zafin da sai an tara wajen lita 3,500 ta iska kafin ta ɗauka. A ce kwamfuta tana fitar da zafin wat 500, famfo kuma yana tura lita 4 a minti. Duk wanda ya yi lissafin zai ga ruwan ba ya ƙara zafin da ya kai digiri 2 a zagaye guda. Idan iska ce za ta kwashe wannan zafin, ko an yarda ta ƙara digiri 10, sai an hura wajen lita 2,500 a kowane minti. Wannan shi ne lissafin da nake ba yara su haddace su manta bayan jarrabawa. Yaron ya je ya samo wurin da lissafin yake da amfani, mu kuma muka ce ya taɓu.

To ƴan uwana malamai, mu gaya wa juna gaskiya. Yaro yana zama gabanmu shekara huɗu a kolej, uku a lise, ya ci Bepese ya ci Bak, bai taɓa riƙe turnabis a makaranta ba. Muna zana masa batir da ƙwan fitila a allo, bai taɓa haɗa su ba. A makarantun da Allah ya ba ɗakin kwamfuta, makullin yana aljihun mutum ɗaya, na'urorin suna rufe da zane kamar gawa, ƙura tana cin su, ana buɗe ɗakin ne kawai ranar da baƙi za su zo. Kalmar farko da yaro yake ji game da kwamfuta ita ce "kada ka taɓa". Wadda ta lalace kuwa, maimakon a ba yara su buɗe su ga cikinta, sai a jingine ta a kusurwa domin tana cikin rajistar kayan gwamnati. Na taɓa roƙon a ba ni matattu biyu daga irin waɗannan in kai aji, aka ce mini sai an rubuta takarda zuwa sama. Har yau takardar ba ta dawo ba, kuma ɓeraye sun riga ɗalibaina sanin abin da ke cikinsu.

Sai mu dawo muna kukan cewa yaran yanzu ba su son kimiyya. Ina suka gan ta da za su so ta? Wanda ya so ta a cikinsu ya same ta ne a YouTube, da Ingilishin da bai gama ji ba, da kuɗin intanet ɗin da ya tara daga kuɗin karin kumallonsa. Ya zo da ita gida, uba ya ce hauka ne. Uban ya kawo ta makaranta, malamai suka tabbatar masa. Idan yaron nan ya jefar da takardunsa gobe ya koma fada ya kwana yana shan shayi har asuba, wa za mu zarga?

Na zo kan maganar launi, domin ita ta fi ba mutane dariya. Alhaji, da ke Hajiya, da girmamawa nake tambaya: yaushe muka zama mutanen da ba su damu da launi ba? Uwa tana shekara tana tara kayan ɗakin ɗiyarta, labule ya dace da zanen gado, kwanonin jere su dace da kabad, in launin ɗaya ya saɓa sai an mayar kasuwa. Ana biki sai an fitar da anko, kowa ya ciwo bashi ya ɗinka. Mai kabu-kabu yana ƙawata babur ɗinsa da fitilu da geza. Dokin hawan salla kayan jikinsa sun fi shi tsada. Wanda ya taɓa ratsa unguwar Birni a Damagaram ya ga yadda magina suka zana fuskar gidaje da launuka, kuma har yau muna kai baƙi su gani muna alfahari. Babu wanda ya ce waɗannan sun taɓu. Yaro ya ce yana so abin da ya haɗa da hannunsa ya fito da kyau, da launin tutar ƙasarsa ma, shi ne ya zama abin ba'a. Halin kakanninsa ya ɗauko, kawai dai ya kai shi kan wani abu da ba mu sani ba.

Kuma launin kansa darasi ne. Fitilun da ake sawa cikin irin waɗannan kwamfutoci kowace tana da ƴan ƙananan ƙwayoyi uku: ja, tsanwa da shuɗi. Kowace ƙwaya ana iya ba ta mataki 256 na haske, idan aka ninka ukun sai a sami launi sama da miliyan 16. Ruwan goron da yaron yake so, ja ne cikakke da tsanwa kaɗan, shuɗi a kashe. Fari kuwa ukun ne gaba ɗaya. Allon wayar da ke hannunka haka yake aiki. Shuɗiyar ƙwayar ita ta fi wuyar samu, sai a farkon shekarun 1990 wasu masana uku ƴan Japan, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, suka ci nasara a kanta, aka ba su kyautar Nobel ta fizik a 2014. Farar fitilar sola da ke haska ɗakin kakarka a ƙauye daga aikinsu ta fito. Abin da muke kira wasan yara, daga ƙarshensa akwai Nobel.

Kada kowa ya ɗauka ina cewa Alhaji ya zaro kuɗi ya biya. Lissafin da ke shafi na huɗu ya haura sefa miliyan ɗaya da rabi, kayan ruwan kaɗai sun tasam ma jika ɗari huɗu, kuma na gaya wa yaron a fuskarsa cewa ko ni ne ubansa ba zan biya ba. Ya yi kuskure a wurare da dama, kuma duk kurakuran tushensu ɗaya: ya kwafo tsarin mutanen da ba a ƙasarmu suke zaune ba.

Na farko, radiyata ba firji ba ce. Ba ta iya sanyaya ruwa ƙasa da zafin iskar ɗakin da take ciki. Masu bidiyon da yake kallo suna auna na'urorinsu a ɗaki mai digiri 21 ko 22. Ɗakinsa a bazara, ƙarƙashin kwano, yana kai 40 ko ya wuce. Duk adadin da ya gani sai ya ɗora masa wajen digiri 20. Furosesa takan rage gudunta da kanta idan ta kai digiri 95 zuwa 100 don kada ta ƙone, to wanda ya fara daga 40 filinsa ya ƙuntata tun kafin ya kunna. Sannan zafin ba ɓacewa yake ba, cikin ɗakin yake zuba. Katin hoto irin RTX 4090 da aka fitar a 2022 shi kaɗai yana iya jan wat 450, furosesa irin Core i9-13900K tana kai wat 253. Wannan murhu ne mutum ya kunna a ɗakin kwanansa cikin Afrilu. In ta yi awa biyar a rana tana jan wat 700, a wata ta ci sama da kilowat-awa 100, kuma Alhaji ne zai ga takardar kuɗin wuta.

Na biyu, ƙura. Haƙoran radiyata sirara ne, a matse. Hunturu ɗaya ya isa ya toshe su in ba a bi su da gogewa ba, kuma radiyatar da ta toshe ado ce kawai. Na uku, wuta. Kowa ya tuna abin da ya faru daga Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take sayar mana, wadda a lokacin ita ce kimanin kashi 70 cikin ɗari na abin da ƙasar ke amfani da shi, har zuwa Maris na 2024. Ko a lokacin lafiya, wutar da ke tafiya tana dawowa da ƙarfi ita ce ajalin kayan lantarki. A cikin lissafin yaron akwai fitilu na jika talatin, babu na'urar daidaita wuta ko ta dala ɗaya, babu batirin da zai riƙe kwamfutar in an ɗauke.

Na huɗu, ruwan kansa. Ruwan famfo ko na rijiya yana da gishiri da ƙasa, zai bar dattin da zai toshe siraran hanyoyin. Ana amfani da tataccen ruwa ne, irin wanda ake ƙara wa batirin mota, ba mai asid ɗin ba, a sa masa maganin hana gansakuka. Rinin da ke ba ruwan launi, musamman mai kauri kamar madara, yakan kwanta ya daskare a cikin dunƙulen, shi ya sa masu aikin suke canza ruwan duk wata shida zuwa shekara. Wanda yake son launi ba tare da wahala ba, sai ya sa tiyo mai launi ya bar ruwan fari. Yaron kuma ya zaɓi dunƙulen jan ƙarfe da radiyatar alminiyom domin ta fi araha. Wannan darasin shimi ne na ajin gaba da shi: ƙarfe biyu mabambanta a cikin ruwa ɗaya sun zama batir, alminiyom ɗin ne zai riƙa cinyewa har ya huje. Idan ya huje, ruwa ya sauka kan katin da ya fi babur tsada. Power Mac G5 ɗin da na ambata ma ya yi suna wajen yoyo, kuma babban kamfani ne ya ƙera shi. Masu haɗa irin wannan sukan kunna famfo shi kaɗai, sauran kayan a kashe, su shimfiɗa takarda mai shan ruwa ƙarƙashin kowace mahaɗa, su bar shi kwana guda kafin su yarda da shi.

Akwai kuma abin da masu bidiyon ba su cika nanatawa ba: da yawansu kamfanoni ne ke aiko musu da kayan kyauta don su tallata. Ga aikin makaranta, da koyon rubuta manhaja, har da yawancin wasanni, fanka mai kyau da haƙoran ƙarfe ta wadatar, ba ta yoyo, ba ta neman rini, kuma kuɗinta bai kai rubu'in na kayan ruwa ba.

Yanzu ku duba abin da na jera. Zafi da yadda yake tafiya, ƙarfin wuta da kuɗinta, tsatsar ƙarfe, launi da haske, tsara kasafi, gane talla daga gaskiya. Wannan shi ne abin da yaron yake bukatar ji daga babba. "A'a" mai dalili tana koyar da yaro, tana kuma nuna masa an ɗauke shi mutum. "A'a" mai dariya tana koya masa abu ɗaya tak: kada ya sake nuna mana abin da ke ransa. Kuma mu faɗi gaskiya, da yawanmu mun yi dariyar ne domin ba mu san abin ba. Ni kaina sai da na yi sati biyu ina karatu kafin in iya nuna masa inda ya kauce. Malami ya ce "ban sani ba, bari in bincika" bai rage masa komai ba. Rashin sani ya fi dare duhu, amma wanda ya fi shi duhu shi ne rashin sanin da ya sa rigar ba'a.

Na san abin da za a ce mini, domin an riga an faɗa. Wasu sun ce duk wannan don wasan bidiyo ne. Ƙwarai, wasa yake so, shekarunsa goma sha shida. Amma yaron da ya zauna ya lissafa wat don ya yi wasa ya riga ya wuce wanda aka saya wa waya ta jika ɗari biyu ya kwana yana shafa ta. Kuma irin katin hoton da ake wasan da shi, shi ne ake aikin zanen gini da haɗa fim da horar da ƙirƙirarriyar basira da shi. Aikin uba ya sa wa wasan iyaka da lokaci, ya tsare salla da karatu. Wannan daban ne da ya kashe sha'awar baki ɗaya.

Wasu sun ce, Mushe, a ƙasar da yara ke karatu a ajin zana, a ƙasa, babu tebur, kai kana maganar kwamfuta mai ruwa? Wannan ita ce hujjar da ta fi nauyi, kuma na koyar a ajin zana, na san zafinsa. Amma abin da nake nema ba ya cin ko sisin kuɗin tebur. Talauci ma shi ne dalilin da ya sa ya wajaba mu haifi masu gyara. Wanda ya shiga kasuwar Katako a Yamai ya ga yadda ake narkar da tsohon alminiyom a fitar da tukunya, ya san hannu da basira ba su ne suka yi mana ƙaranci ba. Masu gyaran waya da ke bakin kowace kasuwa, akasarinsu a wajen makaranta suka koya, wasu ma makarantar ce ta kore su. Sannan a nan maƙwabtanmu, a Jigawa, wani malami mai suna Muhammad Bah Abba ya ɗauki tukunyar ƙasa ya sa cikin wata, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen rairayi, kayan miya suka riƙa yin kwanaki ba su lalace ba, aka ba shi kyautar Rolex a 2000. Abokin aikina da ya ce a saya wa yaro randa bai san ya faɗi magana babba ba: randa tana iya abin da radiyata ba ta iyawa, tana sauko da ruwa ƙasa da zafin ɗaki, domin ruwan da ke tsatsafowa ta jikinta yana tashi sama da zafin. Da mun zauna da yaron mun kwatanta biyun, da an yi darasin da ba zai manta ba.

Wasu kuma sun ce yara za su lalata kaya. Za su lalata, babu shakka. A Ingila an fito da wata ƴar kwamfuta mai suna Raspberry Pi a 2012, a kan dalar Amurka 35, da gangan aka yi ta da araha domin yara su taɓa, su ɓata, su gyara ba tare da tsoro ba. Masu kuɗin duniya sun gane cewa injiniya daga ɓarna yake farawa. Mu da ba mu da injiniyoyin isassu mu ne muke kulle ɗaki.

Ga abin da muka yi a ƙarshe. Na je shagon Alhaji na ba shi haƙuri a kan dariyar da na yi, na roƙe shi jika ashirin da biyar maimakon miliyan ɗaya da rabi. Ya bayar, yana cewa ya san asara ce. Muka sayi tsohuwar kwamfutar tebur wajen wani mai gyara, yaron ya kwance ta da hannunsa, ya share ƙura, ya canza man da ke tsakanin furosesa da haƙoran ƙarfe wanda ya bushe kamar ƙasa, ya auna zafinta kafin da bayan. Zagayen ruwan kuma muka haɗa shi a kan tebur, nesa da kwamfutar: ƴar radiyatar mota daga garaji, ƙaramin famfo mai bolt 12, tiyo, robar ruwa, da ma'aunin zafi biyu. Ranar farko ya yi yoyo ta wuri uku, ya jiƙa masa littafi. Na ga fuskarsa lokacin da ya tuna inda ya so ya zuba wannan ruwan tun farko, ban ce masa komai ba. Yara shida suka biyo shi ranar Laraba ta gaba, biyu daga cikinsu mata, kuma ɗaya daga cikin matan ce ta gano cewa iska ce ta maƙale a saman radiyata shi ya sa ruwan ya ƙi zagawa. Akwatin kwamfutar ya fente shi ruwan goro da fari da tsanwa, da fentin da bai kai jika uku ba.

Ba zan ce ya zama gwani ba. Makinsa ya ɗan motsa, har yanzu yana rashin haƙuri da lissafin da babu abin taɓawa a cikinsa, kuma har yanzu yana mafarkin waccan ta miliyan ɗaya da rabi. Alhaji ma bai gamsu ba, yana kiran abin "randar Mushe". Amma yaron yana zuwa da tambaya yanzu, kuma ya daina ɓoye takardunsa.

Don haka ina kira ga iyaye: in ɗanka ko ɗiyarka ta kawo maka abin da ba ka gane ba, kada ka kai shi majalisa a yi dariya. Ka ce ya bayyana maka, ka tambaye shi nawa, don me, in ya lalace wa zai gyara, sannan ka kai shi wurin wanda ya sani. Kana da damar ka ƙi biya, kuma sau da yawa ƙin shi ne daidai. Ga shugabannin makarantu: ku fito da matattun kwamfutocin nan daga kusurwa, ku rubuta sunan malamin da ya karɓa in rajista kuke tsoro, ku ba yara su kwance. Ga malaman kimiyya irina: awa ɗaya a sati da turnabis ba za ta hana mu gama manhajar shekara ba. Kuma tunda kundin da aka kafa a 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, mu fara sa wa kayan cikin na'urar nan suna da harshenmu, don yaron da bai ji Ingilishi ba shi ma ya shigo.

Jami'ar Ɗan Dicko Ɗankulodo tana nan cikin garin nan, akwai ta Damagaram, da ta Tawa, da ta Abdu Mumuni a Yamai, duk suna jiran ɗaliban kimiyya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma tun yana ɗanye ake karya shi. Ni dai na kusa karya ɗaya a waccan Asabar, ina roƙon Allah ya yafe mini, ya shirya mana zuriya, ya ba mu haƙurin sauraron su.